Labulen Kicin Ɗin Ardis

Lowell Dostal ya sake ɗaga kai daga kofin gahawarsa ya dubi gidan da ke tsallaken titi. Agogon jikin murhu ya nuna bakwai da minti goma sha biyu, amma tagar kicin ɗin Ardis Vogel na nan a duhu, labule a sauke.

Wata bakwai ke nan, tun da aka binne matarsa Wilma a Afrilu, bai taɓa ganin haka ba. Bakwai daidai fitila ke kamawa, hannu ya ja igiya, labule ya hau sama, sai ga farin kan Ardis ta sunkuya tana tara ruwa a buta. Iyakar abin ke nan. Ba ta ɗaga masa hannu, shi ma bai taɓa ɗagawa ba. Tasa fitilar ma a kashe yake barinta, don kada a ce ga tsoho can yana leƙen gidan mutane. Idan labulen ya tashi sai ya shanye gahawarsa ya jawo littafi, rana ta fara.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da adabi a sakandaren garin, wani ɗan gari a jihar Iowa da gonakin masara suka yi wa zobe. Tsofaffin littattafan ƙasar nan ya karantar, kuma kusan duk ciwonsu ɗaya: namiji shi kaɗai a ɗakin haya yana sauraron tarin maƙwabci ta bango, matar manomi da ke fita bakin hanya don kawai ta ga mota ta wuce. Kowace shekara yara su rubuto masa kalmar kaɗaici a layin farko, shi kuma ya sa jan biro a gefe: “Wannan kowa ya gani. Sai me?” A lokacin gani yake ya san abin ciki da bai. Babu marubucin da ya gaya masa cewa yawancinsa wankin faranti ɗaya ne da cokali ɗaya, sau uku a rana.

Ardis ƙawar Wilma ce, ba tasa ba. Ta yi ritaya daga gidan waya, shekararta saba'in da tara, mijinta ya daɗe da rasuwa. Farfesa take kiransa, alhali ta san bai taɓa koyarwa a jami'a ba. Sau ɗaya ya ara mata littafi, ta dawo da shi bayan kwana biyu ta ce da mutanen ciki sun iya gaisuwa da labarin bai wuce shafi goma ba. Bayan jana'iza ta kawo masa taliya da kaza cikin tukunyar ƙarfe, da sunanta a manne a gindi kamar yadda matan garin ke yi, don tukunya ta san hanyar gida. Ya karɓa a bakin ƙofa ya ce mata bai buɗe gidan marayu ba. Tun ranar magana ba ta sake haɗa su ba.

Bakwai da minti ashirin. Jaridar Lahadi ba ta iso ba, titi babu ko kare. Ya ce a ransa garin nan kullum ƙara lalacewa yake, sannan ya kama kansa yana ƙirga dalilai. Wataƙila ta makara. Ardis ba ta makara. Shekara talatin ta yi tana buɗe gidan waya kafin zakara ya gama shawara. Wataƙila ta yi tafiya. Amma ga bayan motarta can yana leƙowa daga gareji.

Wilma a kujerar falo ta cika, da safe, shi kuwa yana ɗakin da ke kusa yana karatu. Awa biyu yana juya shafi, har yana jin daɗin yadda gidan ya yi tsit.

Ya miƙe. Ba zai tsallaka titi hannu rabbana ya ce wa mace ya zo ne don labulenta bai tashi ba, don haka ya buɗe kabad ya ciro tukunyar. Ya ɗora kwat a kan rigar barci ya fita da silifas. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin ƙafarsa. Ya danna ƙararrawa sau uku. Ya buga ƙofa da hannu, ya buga da murfin tukunya, ya kira sunanta. Ya murɗa hannun ƙofar, a kulle. A garin da rabin mutane ba su san inda makullin gidansu yake ba, ita ce mai kullewa.

Ya koma gida da wani irin gudu da ƙafafunsa suka daɗe da mantawa, ya ɗauki wayar bango ya buga lambar gaggawa.

“Lowell Dostal ne, titin Locust, lamba sha huɗu. A turo motar asibiti gidan da ke kallon nawa. Ardis Vogel.”

“Mista Dostal? Tammy ce, Tammy Ruhl. Na yi ajinka.”

“Na gane muryar. Layin baya, kusa da taga, da cingam.”

“Me ya sami Misis Vogel? Faɗuwa ta yi?”

“Ban sani ba. Labulenta bai tashi ba.”

“Labule,” in ji Tammy.

“Kullum yana tashi, yau bai tashi ba. Na buga ƙofa har hannuna ya mutu. Motarta na gareji.”

“To, bari in tayar da su Duane, masu motar. Amma Mista Dostal, ka dai san yanzu ƙarfe…”

“Tammy, a aji ban nemi ra'ayinki ba, yanzu ma ban nema ba. Turo motar.”

Ya ajiye wayar. Masu motar asibitin garin 'yan sa kai ne, sai sun tashi, sun nemi wando, sun je sun tayar da mota. Minti ashirin in an yi sa'a. Ya sake tsallaka titin, ya zagaya ta baya. Ƙofar kicin tana da ƙananan gilasai shida. Ya dubi hannunsa, ya ga har yanzu yana riƙe da tukunyar, sai ya kai wa gilashin da ke kusa da sakata duka da gindinta. Ya zura hannu ya zare sakatar, bai ma ji lokacin da gilashi ya yanke shi ba.

Kicin ɗin na ƙamshin sabulun lemun tsami, irin wanda Wilma ke saya. A kan tebur an riga an kife kofi ɗaya a kan faranti, ga cokali, ga ɗan akwatin magunguna mai rami bakwai. Agogon bango na nuna bakwai saura minti ashirin. Har agogonta ya fara mutuwa, in ji shi a ransa, kuma ko a cikin wannan hali ya san da ɗalibi ne ya rubuto masa haka da ya ce alamar ta yi arha.

Ƙofar ɗakin kwana a buɗe take rabi. Ardis na kwance rigingine, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya ya sauko gefen gado. Ya kira sunanta, ba ta motsa ba. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofar, don ya san abin da ke biyo baya, ya san irin sanyin da fata ke yi. Sannan ya taka ya durƙusa ya kama wuyan hannunta.

Da ɗumi.

Ta buɗe ido. Ta dube shi tsawon lokaci, daga gashinsa da ya miƙe tsaye har zuwa kwalar rigar barcinsa, sannan ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

“Lowell Dostal. Ko dai na mutu an kai ni inda ban yi zato ba, ko kai ka haukace.”

Ya zame ya zauna dirshan a ƙasa, ya jingina da gadon, numfashi na fita daga ƙirjinsa kamar an kwance igiya. Wani abu ya taso masa, bai san dariya ce ko kishiyarta ba, ya toshe baki da hannun kwat. Ya ji ƙafafunsa sun jiƙe da raɓa, ya ji bugun agogon gefen gado, ya ji katifa ta motsa a bayansa saboda mai rai na juyawa a kanta. Tun Afrilu bai ji sauti mai daɗin wannan ba.

Ardis ta laluba kan durowa ta ɗauko 'yan na'urorin da take sawa a kunne, ta cusa su ɗaya bayan ɗaya, ta sa tabarau.

“To, yanzu ina ji. Wannan tukunyata ce?”

“Ita ce.”

“Wata bakwai. Na ɗauka ka binne ta tare da Wilma. Wannan kuma jini ne a zanen gadona?”

“Kin makara,” ya ce. Muryarsa ba ta fito yadda ya so ba. “Takwas saura kwata, labulenki bai tashi ba. Na buga, na buga.”

Ta juya ta dubi agogon gefen gado, ta dawo da kallonta kansa.

“Bakwai saura kwata, Farfesa.”

“Takwas saura kwata.”

“Yau wace rana?”

“Lahadi.”

“Wace Lahadi?”

Ya yi lissafi. Lahadin farko ta Nuwamba. Sau biyu a shekara ƙasar gaba ɗaya ke taɓa agogonta, a tura shi gaba da awa guda a Maris, a dawo da shi baya a Nuwamba. Shekara arba'in da shida Lowell bai taɓa sa hannu a wannan aiki ba. Wilma ce ke zagaya gidan ranar Asabar kafin a kwanta, daga murhu zuwa falo zuwa mota, shi kuwa yana kujera yana mata lacca a kan wautar gwamnatin da ke zaton za ta ba rana umarni. Ya wayi gari Lahadi ya tarar da lokaci daidai, kamar yadda yake tarar da rigunansa a goge. Na Maris ɗin bana ma ita ta gyara, tana dafa bango.

“Awa guda ce kyauta a duk shekara,” in ji Ardis. “Guda ɗaya tak. Tun Satumba nake mata tanadi. Juya baya in sa riga.”

A kicin ta tsaya ta dubi ƙofarta, ta dubi gilashin da ya watsu har ƙarƙashin firiji. Ta zaunar da shi, ta wanke masa hannu a famfo, ta zuba wani magani mai zafin tsiya ta naɗe da bandeji, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Ta miƙa masa tsintsiya. Yana shara ta ɗora buta, ta buɗe murfin tukunyar ta leƙa ciki.

“Ka dai wanke. Ka ci kuwa?”

“Na ci. Kwana huɗu ina ci.”

“Ya yi gishiri?”

“Ya yi daidai.”

“Da ka faɗa a lokacin ai da bakinka bai faɗi ƙasa ba.”

Agogon bango ya cika bakwai. Ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba ta ja igiyar, labule ya hau sama. Lowell ya tsaya da tsintsiya a hannu. Bai taɓa ganin gidansa daga nan ba. Tagogi duk a duhu, ganye ya cika magudanar rufi, kujerar Wilma na nan a baranda inda ta bar ta. Da wucewa ya zo yi da mota da ya ce masu gidan sun tashi.

“Daga can kake kallo?” ta tambaya.

“Daga teburin kicin.”

“A cikin duhu.”

“Wutar lantarki ta yi tsada.”

“Tun yaushe?”

“Tun Afrilu.”

Ta zuba gahawa a kofin da ke kan tebur, ta buɗe kabad ta daɗe tana neman na biyu. Wanda ta samo sai da ta ɗauraye masa ƙura. Ta zauna, ta tura masa sukari.

“Ni ban taɓa ganinka ba,” ta ce. “Na ɗauka ka koma barci har tara, irin na masu ilimi. Bari in gaya maka lissafin da nake yi in na kwanta. Carol, 'yata, Laraba take bugowa daga Arizona. In na cika daren Laraba bayan mun yi sallama, mako guda ke nan cur kafin a sani. In daren Asabar ne, matan coci za su ce mura ce, sai Larabar dai. Na auna ta kowace fuska, yawanci ba ya kasa kwana uku. Shi ya sa nake rage zafin gidan kafin in kwanta. Ka gane.”

Ya gane. Ya karanta wannan a littafi fiye da sau ɗari, da kalmomin da suka fi nata kyau, bai taɓa jin ya shige shi haka ba.

“Ashe minti arba'in ne,” ta ce, tana juya cokali. “Daga bakwai ɗinka zuwa fasa mini ƙofa. Me ka tsaya yi har minti arba'in?”

“Ina neman dalilin zuwa.”

“Ka samu?”

“Tukunya.”

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido da bakin riga. Shi ma ya ji kafaɗunsa na rawa. Gahawarta ba ta da ƙarfi, ruwa-ruwa irin ta ɗakin taron coci, ya shanye ya miƙa kofin a ƙara.

Motar asibiti ta iso babu jiniya, sai fitilu na juyawa a jikin gidajen maƙwabta. Labulaye suka fara motsi daga wannan ƙarshen titi zuwa wancan. Duane Hruska, mai shagon kayan gini, ya shigo ta ƙofar baya da jakar magani, hula a karkace, alamar filo na nan a kumatunsa. Ya dubi ramin gilashi, ya dubi Ardis da kofinta, ya dubi Lowell cikin rigar barci mai ratsi.

“Ina kwana, Ardis. An ce kin mutu.”

“An yi gaggawa. Akwai gahawa.”

“Mista Dostal, Tammy ta ce in gaya maka ta yi ƙoƙari.”

“Ka ce mata ta ci jarrabawar. A makare.”

Tunda an riga an tayar da shi, Duane ya ce sai ya auna wani. Ya auna Ardis ya ce jininta ya fi nasa kyau. Ya auna Lowell, ya ɗaga gira, ya sake aunawa, ya ce ya zauna ya huta kuma ya rage fasa gidaje kafin karin kumallo. Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya gwada ramin ƙofar, ya ce gobe da safe zai yanko gilashi. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

“Ka san kafin a tashi daga coci duk gari ya ji an same ka a gidan Ardis da rigar barci.”

“A ɗakin kwana,” in ji Ardis. “In za ka ba da labari ka ba da shi daidai.”

Da motar ta tafi Lowell ya yanka kwali ya toshe ramin, da hannu ɗaya, a karkace. Ardis ta tsaya a kansa tana gaya masa inda ya kuskure. Rana ta fito sosai, can wajen cocin aka fara kaɗa ƙararrawar farko, a kan lokacinta. Ya ɗauki kwat ɗinsa.

“Ka je ka gyara agogunanka,” ta ce. “Na murhu sai ka danne maɓalli biyu tare. Kada ka taɓa na mota, ba za ka iya ba.”

“Zan duba littafin motar.”

“Na sani.” Ta raka shi har baranda, ta tsaya tana riƙe da ƙofa. “Lowell. A Maris gaba ake turawa.”

“Na san wannan.”

“Ba ka gane ba. Yau mantuwarka ta kawo ka da wuri, ba a yi asarar komai ba sai gilashi. In ka manta a Maris, makara za ka yi da awa guda. Wannan ce ba na so.”

Ya tsaya a kan matakala, hannunsa mai bandeji a cikin aljihu.

“Zan tuna,” ya ce.

“Ba za ka tuna ba. Zan bugo maka ranar Asabar ɗin. Lambar ba ta canja ba?”

“Ba ta canja ba.”

“To ka riƙa ɗauka.”